Tambaya da Amsa: Zane a Bangon Shago

Tambaya: Ina da ɗan shagon tsire da masa a Jidda. Wani matashi ɗan unguwarmu mai sana'ar zane ya ce yana so ya ƙawata bangon da ke kallon titi, ni in sayi fenti, shi kuma ya yi aikin kyauta. Shin in amince? Me ya kamata in kiyaye?
Mai karatu daga Jidda

Amsa: Malam, ka amince, amma kada buroshi ya taɓa bangon sai ka sami yardar mai ginin da izinin baladiyya, wato hukumar birni, domin dokar ɗa'a a wuraren jama'a da Saudiyya ta fara aiki da ita a 2019 ta tanadi tara ga wanda ya yi rubutu ko zane a bango ba da izini ba.

Inda ban goyi bayanka ba shi ne batun kyauta. Bangon zai riƙa jawo maka masu saye shekara da shekaru, alhali yaron nan zai yini a rana yana hawa tsani, saboda haka adalci shi ne ku yanka lada ko da kaɗan ne, ku rubuta a takarda, ka kuma bar shi ya sa sunansa a gefen zanen, don ta haka ne maƙwabtanka masu shaguna za su neme shi.

Game da abin da za a zana, ba sai kun je nesa ba. Zanen bangon ɗaki da matan yankin Asir na kudancin Saudiyya suke yi, wato Al-Qatt Al-Asiri, ya shiga kundin UNESCO a 2017, kuma mu ma muna da irin wannan gado a dagi da zayyanar da magina suke fitarwa a fuskar gidajen Kano da Zariya. Ɗan Hausa da aka haifa a Hijaz bai taɓa ganin Zazzau ba ya cancanci ya ga wannan a unguwarsu. Yawanci zayyanar ba ta da siffar mai rai, don haka dattawa ba za su ƙyamace ta ba. Ayoyin Alƙur'ani kuwa kada a rubuta su a bangon da hayaƙin gashi ke bugawa.

A wanke bangon, a cike tsagu, a shafa fentin fari na ƙasa, sannan a ɗora fentin waje mai inganci, saboda danshin Bahar Maliya da gishirinsa suna saurin ɓare mai araha. Ku kuma rubuta wanda zai ɗauki nauyin gyara idan launin ya koɗe.