Tsara hidima karatu ne na gaske, ko a yi mana aplikasiyo a huta?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, don Allah a taimake ni. Na gama lisans ɗina a fannin gudanar da kasuwanci. Kawuna yana da ƙaramin kilinik nan Maradi, mutane sun fara guduwa saboda jira. Wani ya zo ya ce shi ƙwararre ne a "sabis dizayin", wato tsara hidima, zai yi mana aplikasiyo a sefa miliyan biyu. Kawu ya ce ni zan yanke shawara tunda na yi boko, dama kuma ina son yin masta a fannin. Ina tsoron in ja masa asara, ina tsoron kuma fannin ma ba na gaske ba ne.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Kwantar da hankalinka, fannin na gaske ne, amma kar kawu ya fidda ko dala tukuna.

Wata ma'aikaciyar banki a Amurka, Lynn Shostack, ita ta fara rubutu a kai a 1982, a 1984 ta nuna yadda ake zana taswirar hidima, wato zanen matakan da hidima ke bi daga farko har ƙarshe, kuma ka san misalin da ta kawo? Mai goge takalmi a bakin titi. Babu kwamfuta ko ɗaya a ciki. A 1991 aka fara koyar da shi a makarantar dizayin ta Kolon a Jamus, inda Birgit Mager ta zama farfesa a fannin a 1995. To in masta kake so, hanya a buɗe take.

Yanzu bari in zo kan abin da ke ƙona min rai. Kusan kullum sai wani ya zo min da wannan zancen, wai tsara hidima shi ne a yi manhaja, a sake tambari, a shafa fenti a sa wa ma'aikata riga iri ɗaya. Wallahi ba shi ba ne. Wanda ya faɗa maka farashin magani tun bai tambayi ina ke ciwo ba, ai ɗan kasuwa ne kawai, ko da ya rataya atestasiyon formasiyon kwana uku a ofishinsa, kuma irin takardun nan sun yi yawa yanzu har ban san wa ke buga su ba. Ka tambaye shi awa nawa ya zauna a bencin da marasa lafiya ke jira. Ya yi magana da mai karɓar kuɗi? Da mai shara? Da tsohuwar da ta taso daga ƙauye tun asuba a kan kabu-kabu, wayarta mai madanni ce, kuma jikanta ne ke karanta mata saƙo? Ita ce za ta shiga aplikasiyo ta kama layi?

Hidima kamar gida take, akwai zaure inda baƙo ke gani, akwai cikin gida inda ake girki. In tuwo bai iso zaure da wuri ba, sabuwar tabarma ba za ta ƙosar da baƙo ba, sai ka leƙa madafa. Sau da yawa jiran da kuke gani a waje daga ciki ya taso: dosiye ya ɓace ana nema, likita ɗaya ne kuma sai goma yake isowa alhali an ce wa mutane su zo bakwai, ko mutum ya biya kuɗin ganin likita ya dawo ya sake bin layi don biyan na gwaji. Ka ɗora manhaja a kan wannan, jiran na nan daram, sai dai ka ƙara kuɗin intanet da rigimar ranar da aka ɗauke wuta. Kuma fa kilinik ne, jinkiri a nan yana iya zama rai, yaro da zazzaɓin cizon sauro a damina ba ya jiran a gyara rezo.

Ga aikinka. Ɗauki littafi da biro, sati guda ka bi marasa lafiya da izininsu tun daga ƙofa har fita, ka rubuta ƙarfe nawa kowa ya iso kowane mataki, a ƙasa ka rubuta abin da ma'aikata ke yi a ciki daidai lokacin. Sai ku zauna da su, har da mai gadi, ku zaɓi gyara ɗaya ku gwada na sati biyu, ko da katin lamba ne na kwali. In bayan haka kun ga lallai sai da manhaja, ku kira mutumin, ku za ku faɗa masa abin da zai gina. Littafin kuma ka adana shi da kyau, zai yi maka amfani ranar da za ka nemi mastar.