Wake Ɗaya da Ciwon Karkarwa

Wata ɗaliba daga Mabera ta rubuto cewa malaminsu ya kawo karin maganar nan "wake ɗaya ke ɓata gari" yana bayanin cutar Parkinson, wato ciwon karkarwa. Tana tambaya ko ta dace.

'Yata, fara gyara bakinki. Garin nan na tuwo ne, a ja wasalin. Sau da yawa nakan ji samari suna faɗinsa kamar garin Sakkwato ake nufi, har a rediyo. Wane wake ne zai ɓata birni?

Karin maganar ta dace, muddin an gane wane ne waken. A cikin kowace ƙwayar halitta ta ƙwaƙwalwa akwai ƙananan sassa masu samar mata da kuzari, su ake kira mitokondiriya. Idan ɗaya ta lalace, takan riƙa fitar da abin da ke yi wa ƙwayar lahani. Ita ce waken. Furotin biyu ke tsince ta. PINK1 yakan taru a bayan wadda ta lalace, ya jawo Parkin, shi kuma ya manna mata alama, sai ƙwayar ta haɗiye ta ta narkar. Masana a Japan ne suka gano ƙwayar gadon Parkin a 1998, ta PINK1 ta biyo baya a 2004. Wanda ya gaji nakasa a ɗayansu daga uwa da uba duka, tsintar takan tsaya, jijiyoyin da ke samar da dofamin, mai daidaita motsin jiki, su riƙa mutuwa, karkarwa ta kama shi tun da ƙuruciya. Amma yawancin masu cutar ba ta gado suka same ta ba.

Ga abin da ke ba ni haushi: da an ji "furotin mai alaƙa da cuta" sai a fassara "mai haddasa cuta". Alaƙa daban, laifi daban. Rashin aikin PINK1 ko Parkin ne ke kawo ciwon. Masu fassara, ku kuma rage jefa "sinadari" a kan duk abin da kuka rasa sunansa.

Wani daga Runjin Sambo yana son bambancin karkarwa da makyarkyata. Kusan ɗaya ne, Malam, sai dai makyarkyata ta fi tafiya da sanyi, zazzaɓi ko tsoro.

Wani kuma ya ce ko gigin tsufa shi ne Parkinson. A'a. Gigi na ruɗewar hankali ne, ita kuwa wannan motsin jiki take fara taɓawa.