Tun Korona Baba Ya Daina Fita

Tambaya: Tun kullen korona na 2020 muka hana Baba, ɗan shekara 74, zuwa masallaci a Aboabo, Kumasi. Yanzu ƙafafunsa sun yi nauyi, hira ma ba ya so. Yaya za mu yi?

Amsa: 'Yar'uwa, kullen Kumasi sati uku ya yi, na Baba kuwa ya zarce. Tsoho in ya daina tafiya, naman cinyarsa kan zube, sai tashi daga tabarma ya gagara, kaɗaici kuma ya kashe masa cin abinci. Ku fara raka shi tafiyar minti 10 bayan la'asar, ana ƙarawa har minti 150 a sati. Ya riƙa tashi-zauna a kujera sau 10, safe da yamma. A auna hawan jininsa tukuna. Sannan ku tambaye shi inda shi kansa yake son zuwa.