Kumburin jijiyoyin maraina: wace tiyata ta fi?

Malam, ka ce likita ya gano kumburin jijiyoyin maraina a ɓangaren hagu, haihuwa kuma ta yi jinkiri, kana tambayar wane aiki za ka zaɓa.

Idan akwai ƙwararre, a ganina tiyatar maikuroskop (na'urar da ke ƙara girman abin da ake dubawa) ta fi. Ɗan yanka ne a ƙasan matsematsi. Likita yana ganin komai dalla-dalla: ya ɗaure jijiyoyin da suka kumbura, ya ƙyale wadda ke kai wa ƙwan jini da siraran hanyoyin ruwa. Shi ya sa da wuya ciwon ya dawo, da wuya kuma gwaiwa ta biyo baya. Tsohuwar hanyar da likita Palomo ya kawo a 1949 kuwa can sama a mara ake ɗaure jijiyoyin da hanyoyin ruwan gaba ɗaya, don haka gwaiwa ta fi yawa bayanta.

Aikin kyamara ta cibiya yana da amfani in ɓangarorin biyu ne, amma sai an sa ka barci gaba ɗaya. Akwai kuma wata hanya da ake toshe jijiyar ta siririn bututu ba tare da yanka ba, sai dai wani lokacin bututun ba ya isa wurin.

Ko wanne aka yi, sai bayan wata 3 za a sake gwada maniyyi, domin sabo yana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ya nuna.