Rigar sanyin da za ta fisshe ka a Winnipeg

Ƙanena, na ga saƙonka. Ina taya ka murnar samun gurbi a Jami'ar Manitoba da ke nan Winnipeg a Kanada, Allah ya sanya albarka. Ka ce a gwanjo an nuna maka wata jibgegiyar jaket, kana son ka saya kafin ka taso. Ka ajiye kuɗinka. A Satumba za ka sauka, sanyin gaske kuwa sai wajen Nuwamba yake kankama, kana da lokacin da za ka zaɓa a nan ka gwada a jikinka.

A Janairu sanyi yakan kai digiri 30 ƙasa da sifiri a garin nan, ga iska mai yanka fuska. Rigar da ke riƙe mutum a irin wannan ita ce wadda aka cusa wa lallausan gashin ƙirjin agwagwa ko dinya, wannan na can ciki wanda ba shi da ƙara a tsakiya. Gashin ba ya kawo zafi da kansa. Iska yake tarewa a tsakanin zarensa, iskar ta tsaya cik, ta hana ɗumin jikinka fita, kamar yadda kaza ke kumbura gashinta da hunturu. Saboda haka nauyin riga ba shi ne ɗuminta ba. Yawan kumburarta ne.

Za ka ga lamba a takardar jikin rigar, wani lokacin ma an ɗinka ta a hannun rigar: 550, 650, 800. Tana nuna girman wurin da gram 28 na gashin ke cikawa idan ya kumbura. Mafi girman lamba, mafi kyawun gashi. Amma nan ne ɗalibai da yawa suke ruɗuwa. Lambar ba ta faɗin yawan gashin da aka zuba. Siririyar rigar kamfanin tufafi na Uniqlo mai lamba babba ba za ta tsayar da kai a tashar bas a Janairu ba, alhali mai 600 da aka cika sosai za ta yi. Duba duka biyun. Duba kuma kason: 90/10 ko 80/20, wato lallausan gashi da gashi mai ƙara. Idan ka matse rigar ka ji tsinke-tsinke yana sukar tafinka, ko ka saki ta daɗe ba ta dawo ba, bar ta.

Ɗinkin ma abin lura ne. Inda allura ta haɗa yadin waje da na ciki babu gashi a wurin, ta nan sanyi ke shiga. Nemi doguwa mai rufe cinya, da hula mai ɗaurewa, da hannu mai kama wuyan hannu.

Ruwa ne makasar wannan gashin: da ya jiƙe sai ya dunƙule, ɗumin ya tafi. Sanyin Winnipeg busasshe ne, don haka ya dace da nan. Da Vancouver za ka, inda ake yawan ruwan sama, da na ce ka ɗauki wadda aka cusa wa zaren roba maimakon gashi.

Kada sunan kamfanin rigunan sanyi na Canada Goose ya ɗauke maka hankali, kuɗin rigarsu ya haura dala 1000, kuɗin hayarka ne. Ka leƙa shagon gwanjo na Value Village, ko ka jira rangwamen ƙarshen Nuwamba. Idan ka wanke ta, ka busar a inji da ɗan zafi kaɗan tare da ƙwallayen tanis biyu, su za su warware gashin. In ka iso ka kira ni, mu je tare.