Awakina sun mutu a ƙauye, gwamnati tana biyan diyya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni 'yar Aboabo ce a nan Kumasi, atamfa nake sayarwa. Idan na kwashi adashi sai in sayi awaki da tumaki, ƙanena yake kula mini da su a ƙauye. Watan jiya na ƙaro awaki uku daga kasuwa. Ba a rufa sati biyu ba garken ya kama mura da zawo, 9 suka mutu cikin 22. Kullum muna ji a rediyo wai gwamnati tana taimakon ƙananan manoma da masu kiwo. To ina taimakon yake? Ana biyan diyya? Wa zan je in gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Sannu da wannan asara, Allah Ya mayar da alheri.

Gara in gaya miki mai ɗacin tun da wuri: kada ki sa rai da diyya. Dabbar da ta mutu a gida saboda ciwo, babu ofishin da zai biya ki kuɗinta. Inda aka saba biyan diyya shi ne idan ma'aikatan gwamnati da kansu suka hallaka dabbobi don a tare annoba, kamar yadda aka yi wa masu gidajen kaji lokacin murar tsuntsaye a 2015 da 2021. Su ɗin ma sai da suka sha jira kafin kuɗin ya fito.

Ban ga dabbobinki ba, amma yadda kika kwatanta ya yi kama da annobar awaki da tumaki da muke kira PPR. Ki tambayi ƙanenki: majina ta bushe ta toshe musu hanci? Kwantsa ta manne idanu har akuya ba ta iya buɗe su? Idan ya ɗaga leɓe, akwai gyambo a dasashi, baki yana wari? Gindi ya ɓaci da zawo mai ruwa? In haka ne, da wuya ba ita ba ce. Tsohuwar cuta ce a yankinmu, don a maƙwabciyarmu Kwaddibuwa aka fara gano ta a 1942, kuma gajerun awakinmu na kudu sun fi tumaki jin jiki da ita. Takan yi kwana huɗu zuwa shida a jikin dabba kafin ta bayyana, shi ya sa akuya za ta yi miki kyau a kasuwa, tana cin harawa, alhali da kayanta ta zo. Ƙwayar cutar ba ta jin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Allurar nan mai ruwan zuma da ake saya a kanti a yi ta soka wa dabba, iyakarta ta rage ciwon huhun da ke biyo baya.

Amma tana da rigakafi, kuma a nan ne taimakon gwamnati na gaske yake. Allura ɗaya ce a ƙarƙashin fata, tana kare dabba aƙalla shekara uku. Ana yi wa 'ya'ya idan sun kai wata uku zuwa huɗu. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke son a kawar da cutar, kamar yadda aka kawar da bushiyar shanu a 2011. Saboda haka sashen lafiyar dabbobi na Ma'aikatar Abinci da Noma yakan fita rigakafin gayya lokaci-lokaci. Wani zubin kyauta ne, wani zubin ana biyan ɗan abu a kan kowace dabba, wanda ko kusa bai kai kuɗin ƙafar akuya ɗaya ba.

Wa za ki gani? Ba a Kumasi maganarki take ba, Hajiya. Mutanen zango da yawa a nan suke kuskure: dabba tana ƙauye, mai ita yana neman hanya a birni. Harkar gona an sauke ta zuwa gundumomi, kowace majalisar gunduma tana da sashen noma, kuma akwai malamin dabbobi da aka ba shi yankin. Ƙanenki ne zai je ofishin gona na gundumar da awakin suke, ya ba da rahoton mutuwar, ya karɓi lambar wayar malamin. Idan bai san hanya ba, asambuliman, wato wakilin ƙauyen a majalisar gunduma, ya sani. Rahoton nan ba ɓata lokaci ba ne. Da shi ake sanin inda annoba ta ɓulla, kuma ƙauyen da ba a taɓa jin kukansa ba shi ake mantawa da shi ranar rabon allura.

Ga wani abu da masu kiwo ba su cika lura da shi ba. Maganin rigakafin PPR a 'yar kwalba yake zuwa, busasshe, na dabba 50 ko 100, kuma a cikin sanyi ake ajiye shi. Da zarar an haɗa shi da ruwansa, awa biyu ne kawai ya rage masa, bayan nan sai zubarwa. To ki duba malamin da yake da ƙauyuka barkatai a wuyansa, babur ɗaya, man fetur sau da yawa daga aljihunsa. Ba zai fasa kwalbar ɗari saboda dabbobi 13 ba, kuma ban ga laifinsa ba. Amma idan ƙanenki ya zagaya gidajen maƙwabta, aka sa rana, aka ɗaure dabbobin gari duka a gindin bishiya ɗaya da sassafe, aka haɗa kuɗin mai, malamin zai zo. Ma'aikatan sun yi kaɗan ƙwarai, wannan gaskiya ce, duk da kwalejin Pong-Tamale tana yaye malaman dabbobi, jami'ar KNUST ta nan Kumasi da jami'ar Ghana da ke Legon kuma suna yaye likitoci. Yaye su daban, ɗaukarsu aiki daban.

Game da abin da kike ji a rediyo, akwai shi, ba ƙarya ba ne. A 2017 aka ƙaddamar da shirin shuka domin abinci da aikin yi, mai rangwamen taki da iri. A 2019 aka buɗe ɓangarensa na kiwo a Wa, aka raba tumaki da awaki a matsayin bashi wanda ake biya da 'ya'yan da suka haifa, aka kuma sayar da zakaru a farashi mai sauƙi. Gwamnatin Shugaba Mahama ta zo da nata shirin ciyar da ƙasa, wanda aka buɗe a Techiman a 2025, da shirin kaji na Nkoko Nkitinkiti. Suna yana canzawa da canjin gwamnati, ƙofar shiga kuwa ɗaya ce: sunanka yana cikin rajistar manoma ta gunduma, kuma an fi sauraron ƙungiya a kan mutum ɗaya. Ƙanenki ya yi rajista, ya shiga ƙungiyar masu kiwo, in babu su kafa. Sai dai ni a ganina rabon dabbobi ya fi daɗin ji a rediyo, amma ba shi ya fi amfani ba. Wanda aka ba tumaki ya zuba su cikin garken da ba a yi wa allura ba, bashi kawai aka ƙara masa.

Tunda kina da dabbobi a ƙauye, na tabbata akwai kaji a tsakar gidan. Annobar da ke share su da hunturu, su yi ta farin kashi suna murɗe wuya, ita ma tana da rigakafi mai arha da ake haɗawa a nan Ghana, ana ce masa I-2. Ba allura ba ce. Za a riƙe kaza a karkace, a ɗiga mata ɗigo ɗaya a ido, a jira ta ƙifta ya shige, a sake ta. Yana jure zafi fiye da sauran, kuma duk bayan wata uku zuwa huɗu ake maimaitawa. Mace ɗaya da aka koya wa za ta iya yi wa unguwa duka.

Abu ɗaya kuma da ba na wasa da shi. Idan dabba ta faɗi ta mutu farat ɗaya, cikinta ya kumbura, baƙin jini da ba ya daskarewa yana fita ta hanci ko ta baya, kada a feɗe ta, kada a ci. Kuma kada a yi saurin sa mata wuƙa wai don kada ta zama mushe. Ciwon saifa ke nan, yana kama mutum, ƙwayarsa kuma tana shekaru aru-aru a cikin ƙasa. A 2023 ya ɓulla a Binduri da wasu gundumomin yankin Upper East, har aka rasa rai, aka hana zirga-zirga da yankan dabbobi ana dab da babbar salla, aka yi rigakafi kyauta. A Pong-Tamale ake haɗa maganin rigakafinsa, shekara-shekara ake yi wa dabbobi allurar.

Yanzu ga awaki da tumakin da suka rage miki. A ware marasa lafiya, da kwanon ruwansu daban. A ba su ruwa sosai da ganye mai laushi, don gyambon baki ke hana su ci. Kada ƙanenki ya kai ko ɗaya kasuwa don a rage asara, haka aka yi miki. Malamin dabbobi ne zai duba ya ce waɗanne za a yi wa rigakafi, waɗanne za a yi wa magani. Wadda aka yi wa allurar magani, a tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a yanka ta ko a sha nononta. Waɗanda suka warke da kansu ba sa sake kamuwa, kada ki yi saurin rabuwa da su.

In kin tashi ƙaro wasu, ki tambayi dillali takardar izinin tafiya da malamin dabbobi ya ba da daga inda aka ɗauko su. Ko da takardar, sabuwar dabba ta yi sati uku a turkenta ita kaɗai, nesa da garke, a yi mata rigakafi kafin ta shiga cikinsu.