Zan iya ɗaura wa injin 1HZ turbo ba tare da ya buga ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Land Cruiser akori-kura mai injin 1HZ, ina jigilar kaya daga Jalingo zuwa Gembu. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ni da ƙorafi, amma da zarar na fara hawan Mambila da lodi sai ta koma giya biyu tana tuttulo baƙin hayaƙi. Wani bakanike ya ce in kawo kuɗi ya ɗaura mini turbo ɗan Beljiyam, wani kuma ya rantse cewa injin zai buga kafin shekara. Maganar wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kowannensu ya faɗi wani yanki na gaskiya. Ana ɗaura wa 1HZ turbo ya yi shekaru yana aiki lafiya, kuma ana ɗaura masa ya fasa fistin cikin wata uku. Abin da ke raba biyun shi ne yawan man da aka buɗe wa injin bayan an ɗaura, da zafin da man ya haifar.

Bari mu fara da hayaƙin nan da ka gani. Tsaunin Mambila ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku, kuma a wannan tsayi iska ta fi ta ƙasa sauƙi da kusan kashi ɗaya cikin shida. Injinka da kansa yake zuƙar iska, babu mai tura masa. To a can sama iskar da ke shiga silinda ta ragu, alhali famfon injekta yana ci gaba da aika dizal kamar yana Jalingo. Man da bai sami iskar ƙonewa ba shi ne baƙin hayaƙin, kuɗinka ne ke fita ta salansa.

Turbo tamkar zugazugin maƙera ne, sai dai hayaƙin injin ne ke zuga shi. Hayaƙi yana juya farfela ɗaya, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke kan sanda guda, wannan ta danna iska cikin inji. Sandar tana juyi fiye da sau 100,000 a minti ɗaya. Da psi ake auna matsin iska, kuma nauyin iska a bakin teku psi 14.7 ne, saboda haka idan turbo ya ƙara psi 7, injin ya sami ƙarin kusan rabin abin da yake shaƙa. A halin da kake ciki, wannan iskar kaɗai za ta ƙone man da kake zubarwa yanzu, motar ta farfaɗo a kan hawa tun kafin a taɓa famfo. Shi ya sa nake ganin buƙatarka tana kan hanya, ba son burga ba ce.

Amma ka san irin injin da ke hannunka. Toyota ta fito da 1HZ a 1990: silinda shida, lita 4.2, ƙarfin doki kusan 130. A daidai wannan lokaci ta fito da ɗan'uwansa 1HD-T mai girma ɗaya, wanda ya zo da turbo tun daga kamfani yana ba da doki kusan 165. Kamfanin bai ɗauki 1HZ ya liƙa masa turbo kawai ba. Ya sauke yawan matse iska da fistin ke yi a silinda daga wajen ninki 22 zuwa ninki 18.6, ya sauya fistin, ya kuma sa nozul yana fesa mai kai tsaye a kan fistin. A 1HZ kuwa, man yana fara kamawa ne a wani ɗan ƙoƙo da ke cikin kan inji, sannan wutar ta fito ta ƙaramar kafa ta doki saman fistin. Wannan tsari yana riƙe zafi sosai a kan inji. Idan ka ƙara iska da mai a kan matsin da dama yana da yawa, waɗannan ƙoƙunan ne ke fara tsagewa, sai fistin, sai kan injin kansa. Abin da bakanikenka na biyu yake tsoro ke nan, kuma ya gani ne da idonsa.

An taɓa kawo mini irin motarka a ja. Turbo lafiyarsa ƙalau, aikin bututu ma ba laifi. Mai ita ya ce bayan an ɗaura ya ji ƙarfin bai kai yadda yake so ba, sai ya je wurin wani mai gyaran famfo ya murɗa masa sukurun mai da kunne, har sai da motar ta riƙa fizga. Ya ji daɗinta na 'yan makonni. Da muka ɗaga kan injin, fistin biyu sun tsage. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne allurar zafin ruwa ba ta taɓa gargaɗinsa ba, domin ita ruwan lagireto take aunawa, kuma kafin ta motsa ƙarfe ya riga ya dahu.

Saboda haka abu na farko da za ka saya, tun kafin turbo, shi ne agogon auna zafin hayaƙi. A huda a sa bakinsa a mahaɗar salansa kafin turbo. A kan doguwar hawa da cikakken lodi, kada ka bari ya wuce digiri 650 na Salshiyos. In bayan turbo aka sa shi, ka tsaya a wajen 500, domin hayaƙin ya riga ya huce kafin ya kai can. Da ka ga allura tana hawa, ka sassauta totur ka sauko giya ɗaya. A injin dizal ƙarin iska sanyaya hayaƙi yake yi, mai ne ke ɗaga zafi. Da wannan agogon za a saita famfo, a kan hawa, da lodi, a buɗe kaɗan-kaɗan ana duba allura da launin hayaƙi.

Matsin iskar kuma ya tsaya tsakanin psi 7 da 9. In aljihu zai iya, a haɗa da intakula, wato lagireton sanyaya iska, domin iskar da aka matse tana ɗaukar zafi, ga kuma zafin ƙasarmu.

Kafin duk wannan, a auna matsin silinda shidan. Injin da yake shan baƙin mai, ko yake fitar da tururi ta murfin mai, ko yake wahalar tashi da safe, turbo zai gaggauta mutuwarsa ne kawai. A gwada nozul, a wanke lagireto ko a sauya shi, a tabbatar fanka tana kamawa idan inji ya ɗau zafi.

Game da ɗan Beljiyam ɗin, ba na ƙin tsohon turbo, amma a duba shi da kyau. Ka kama sandar da yatsa: ɗan motsi gefe da gefe ba matsala ba ne, amma in tana shiga tana fita, ko farfela tana gogar jiki, ko haƙoranta sun ci, ka ajiye musu kayansu. Girmansa ma ya dace da lita 4.2. Na babbar mota ba zai farka ba sai inji ya yi ihu, kai kuma a ƙananan juyi kake buƙatar ƙarfi. Wurin da na fi ganin aikin gaggawa shi ne bututun mayar da baƙin mai: dole ya zama mai faɗi, ya gangara ba lanƙwasa, ya shiga kwanon mai sama da inda man yake tsayawa. In ba haka ba man zai taru cikin turbo ya bi ta salansa ko ya shiga inji. Salansar ma a faɗaɗa ta zuwa inci 2.5 ko 3.

Ka sa ran kulocinka zai fara zamewa idan ya tsufa, kuma kada ka ja lodi a giya biyar don kawai ka ji motar ta iya. Ƙurar hunturu da ta hanyar da ba kwalta tana cin farfela kamar yashi a kan tukunya, don haka filtar iska ta zama mai kyau, a riƙa sauya baƙin mai da wuri. In ka iso Gembu, ka bar injin yana aiki a tsaye minti biyu ko uku kafin ka kashe, don man da ke cikin turbo kada ya ƙone.

Tun da motar nan ita ce abincinka, ga yadda zan yi in ni ne. In matsin silinda ya fito da kyau, zan ɗaura, in tsaya a psi 8, in ɗauki ƙarin ƙarfi matsakaici in gode Allah. In kuwa injin ya gaji, ko kana son ƙarfin da zai sa ka wuce kowa a kan dutse, kuɗin turbo da na gyaran da zai biyo baya gara ka tara su ka nemi cikakken injin 1HD-T a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko ta Ladipo a Legas, ka tafi da bakanikenka ya ji ƙararsa kafin ka biya.